Tsagewar da ido ba ya gani a allon sola

Jama'ar Damagaram, tun da Najeriya ta yanke ma Nijar wuta a watan Agustan 2023, kowa ya ruga sayen allon sola. Ni ma na sayi huɗu saboda firijin ƙanƙarar mai ɗakina. Gilashi sumul, ko ƙwarzane babu. Mai shago ya fito da su rana, ya ɗora mita, lamba ta hau, muka yi musabaha. Bazarar farko ba ta ƙare ba ɗaya ya fara ja da baya. Da na kai hannu bayansa da azahar, wuri guda zafi kamar kaskon tuya, robar har ta yi tabo.

Wani ƙanena mai gyaran sola ne ya warware mini. Ƴan gidajen nan masu kusurwa huɗu da ke ƙarƙashin gilashi, kaurinsu bai kai na ɓawon ƙwai ba. Sukan tsage a ciki alhali gilashi lafiya lau. A masana'antu, waɗanda galibinsu a ƙasar Sin suke, akan shigar da allo wuri mai duhu, a tura masa wuta maimakon shi ya bayar. Nan take kowane gida zai fitar da wani haske da idon mutum ba ya kamawa, sai kyamara ta musamman. A hoton, lafiyayyen gida haske tar, tsagewa kamar baƙin zare, mataccen wuri baƙi ƙirin. Mitar shago kuwa bolt, wato ma'aunin ƙarfin turin wuta, take nunawa, kuma tsagaggen allo ma yana ba da bolt.

Amma hoton masana'anta shaidar ranar fitowa ce kawai. Bayanta akwai jirgin ruwa, akwai tirela. Daga Yamai zuwa nan ma kusan kilomita 900 ne. Ga masu lodi da ke takawa, ga amalanke. Balle tsofaffin alluna na hannu da ake wankewa a jera.

Abin da ke ci mini rai, gwajin nan bai fi ƙarfinmu ba. Kyamarar hoto da aka cire mata matacin da ke tare wannan haske, na'urar tura wuta, da ɗaki mai duhu, sun isa a ga manyan tsagu. Ina roƙon manyan dillalai su haɗa kuɗi su buɗe ɗaki ɗaya kusa da kasuwar Dole, ɗaliban kimiyya na jami'ar André Salifou su riƙe shi. Wallahi zan biya kuɗin hoton kowane allo kafin in sake hawa da shi kan rufi.