Tsoho na roƙon ruwa bayan tiyata, babu mai waiwayarsa

Wai ni wa ya ce ƙarin ruwa yana jiƙa baki? Ka shiga ɗakin marasa lafiyar da aka yi wa tiyata, za ka tarar da tsoho kwance, leɓɓa sun tsage, harshe ya manne da saman baki, yana kiran ruwa da muryar da ba ta fita sosai. Amsar da ake ba danginsa ɗaya ce a ko'ina: "Ai ga leda nan tana shiga jikinsa." Tana shiga jijiya, mun yarda. To bakin fa? Maƙogwaron fa?

Wahalar tun kafin a ɗauki wuƙa take farawa. Za a ce daga sha biyun dare kada ya ci, kada ya sha. Gari ya waye, a ce za a shiga da shi da hantsi. Hantsi ya wuce, azahar ta wuce, yau babu wuta, gobe an kawo mai naƙuda da ta fi shi gaggawa, kuma duk wannan a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato kan haura digiri 40 ga fankar ɗakin a tsaye. Addini kansa ya yi wa tsohon da ba zai iya azumi ba rangwame, ya ce ya ciyar. Asibiti kuwa sai ya ɗora masa azumin da ba sahur, ba a kuma faɗi lokacin buɗa baki ba.

Na san daga inda tsoron ya samo asali, kuma ba na raina shi. A 1946 wani likita a New York, Curtis Mendelson, ya bayyana yadda abin da ke cikin tumbi kan kwararo ya faɗa huhun matan da aka sa wa maganin barci wajen haihuwa. Haɗari ne na gaske, yana kisa. Amma ilimi bai tsaya a 1946 ba. Tun 1999 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta fitar da ƙa'ida cewa mai jiran tiyatar da ba ta gaggawa ba, in ba shi da wata matsala ta musamman, zai iya shan ruwa zalla har zuwa awa 2 kafin aiki, abinci mara nauyi kuma awa 6. Yau shekara sama da ashirin ke nan. Mu har yanzu "sha biyun dare" ake rera wa kowa, mai aikin hanji da mai aikin yanar ido duk kuɗin goro.

Mahaifina aikin ƙaba aka yi masa, da allurar baya, idonsa biyu aka fara aka gama. Ba a taɓa hanjinsa ba. Da aka dawo da shi gado, wani farin abu ya daskare a gefen bakinsa, in zai yi magana sai ka ji harshen yana ɓallewa da ƙyar. Ya kama hannuna ya ce, "Ko ɗigo ne, ku sam min." Na je wurin ma'aikaciyar jinya.

"Sista, don Allah Baba ƙishi zai kashe shi."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "An rubuta kar a ba shi komai ta baki. Sai likita ya zo."

"Yaushe zai zo?"

"Sai zagayen safe."

Ba ita kaɗai nake tuhuma ba, mutum biyu ne ke riƙe da ɗaki cike da gadaje. Wanda ya rubuta umarnin bai sa masa wa'adi ba, ya tafi gida. Wannan rubutun da ba ya da ƙarshe shi ne abin da ke ƙona min rai.

Kuma a kan tsofaffi abin ya fi muni. Da shekaru, jin ƙishi yana dusashewa, jiki ya bushe mutum bai sani ba, ƙoda kuma ba ta iya tattalin ruwa kamar da. Saboda haka in dattijo ya buɗe baki ya ce ƙishi yake ji, abin ya riga ya yi nisa. Ga jinin da ya zuba a tiyata, ga magunguna irin su atrofin da ke ƙafar da miyau, ga tramadol da danginsa, ga iskar oksijin tana busar da hanci da baki. Bushewar jiki tana cikin abubuwan da ke jefa tsoho cikin ruɗewa bayan aiki: ya fara sambatu, ya fizge allurar hannu, ya kasa gane 'ya'yansa. Sai dangi su hau tofi da salati suna zaton ajali ne ya zo.

Abin takaicin, maganin ba shi da tsada. Malaman jinya a jami'ar Londrina ta Brazil sun daɗe suna bincike a kan ƙishirwar bayan tiyata, kuma tsarinsu gajere ne. A duba ko mara lafiya ya farka sosai, ko yana iya tari da haɗiya, ko babu tashin zuciya da amai. In ya tsallake, a sa masa ɗan guntun ƙanƙara ya tsotsa. Sanyi a cikin baki yana kwantar da ƙishi tun kafin ruwan ya isa ciki, shi ya sa ƙanƙara kaɗan ta fi ruwa mai ɗumi aiki, kuma ƙamshin na'ana'a yana ƙara wannan sanyin. Wanda bai tsallake ba, ko wanda aka yanka hanjinsa da gaske, ai ana iya jiƙa auduga a goge masa leɓe da harshe, a shafa masa man leɓe. Me wannan zai ci? Ƙanƙarar da 'yan zoɓo ke sayarwa a bakin ƙofar asibitin ce ta gagari ɗakin tiyata?

Ga abin da shirun nan ke haifarwa, na gani da idona a gadon da ke kusa da namu. Wata mata ta gaji da kukan mijinta, ta faki ido ta fasa masa fiya wata, ya kwankwaɗe yana kwance rigingine, maganin barci bai gama sakinsa ba. Ya shaƙe, ya yi ta tari, aka yo kansa a guje ana yi mata faɗa. Da wani ya tsaya ya nuna mata audugar da za ta jiƙa, da ba ta saci hanya ba. Haɗarin da ake gudu da hana ruwa, rashin bayani ne ya kawo shi har gado.

Mun sayi safar hannu, mun sayi sirinji, mun sayi leda bayan leda, mun biya kuɗin gado. Abin da nake nema daga shugabannin asibitoci bai kai kuɗin ko ɗaya daga ciki ba. Duk likitan da ya rubuta a hana ruwa, ya rubuta har zuwa ƙarfe nawa, da wanda zai zo ya duba haɗiyar mara lafiya a lokacin. In an ɗaga tiyata daga safe zuwa la'asar, a aiko a ce tsohon nan ya kurɓi ruwa. A ajiye kula ɗaya ta ƙanƙara mai tsabta a ɗakin farfaɗowa, a kuma koya wa masu jinya abin da za su yi da hannunsu kafin likita ya iso.