Ranar da taken ƙasa ya kama hanya

Shekara 11 ina koyar da Turanci, amma kalma guda mai harafi 7 ce ta tsige ni a gaban hakimi, da iyayen yara, da matata da ta ci kwalliya ta zo kallo.

A bikin raba kyaututtuka na makarantarmu abin ya faru. An ɗora min buga takardar tsarin taro. Wata yarinya 'yar bautar ƙasa ta buga a kwamfuta ta kawo min in duba, na ga ta rubuta cewa taken ƙasa zai "precede" addu'ar buɗe taro. Na zaro jan biro na soke, na rubuta "proceed" a sama, har da yi mata nasiha cewa jami'o'in yanzu sai a hankali. Ta buɗe baki za ta yi magana na ɗaga mata hannu. Aka buga kwafi 300.

Shugaban taro kuwa Baba ne, tsohon hedimasta, wanda ya yi karatu zamanin da ake koyar da Latin a sakandare, kuma har yau bai yafe wa duniya daina koyar da shi ba. Aka miƙa masa makirfo. Ya gyara tabarau, ya ɗaga takardar sama ya ce, "Wane ne ya tsara wannan?"

Wallahi na zaci yabo ne. Abin da ke hana ni barci ke nan har yau. Ba miƙewa kawai na yi ba, sai da na gyara hula, na ɗaga hannu, na ɗan juya don na baya su gan ni. Wani ma ya fara tafi. Na ce, "Ni ne, Baba," da murya irin ta wanda za a ba kujerar Makka.

Ya ce, "Madalla, ɗana. Me kake koyarwa?"

Na ce Turanci.

Ya ce, "To taken ƙasar nan da ka ce zai proceed, ina za shi? Kasuwa?"

Shiru. Sai dariya guda ɗaya ta tashi daga layin malamai, kuma ko a mafarki na san mai ita. Malamin lissafi ne. Mutumin da ya ari hular kwanona tun kafin azumin bara, ya ce gobe zai dawo da ita, kullum kuma ina ganinta a kansa yana wuce ni a kan babur yana min hon. Mutumin da ni nake gyara masa takardar neman ƙarin girma, don "am" da "I'm" duk ɗaya ne a wurinsa. Shi ne ya kwanta a jikin kujera yana bubbuga cinya, yana share hawaye da gefen babbar riga. Da ya ga dariyar ta lafa sai ya maimaita "Kasuwa!" da ƙarfi don a sake. Kuma aka sake. In na tuna cewa ni na tsaya masa lokacin rigimar jadawalin jarrabawa, sai in ji tuwo ya fita raina.

Baba bai ce in zauna ba, ni kuma ban san ko an sallame ni ba, don haka a tsaye na sha karatun. Ya ce kalmomin biyu 'yan uwa ne, uwarsu ɗaya a Latin, "cedere", wato tafiya. Ubanni ne suka bambanta. "Prae" na nufin kafin, "pro" na nufin zuwa gaba. Saboda haka precede shi ne ka riga wani ko ka gabace shi, a lokaci ko a jeri ko a daraja, proceed kuwa ka ci gaba da tafiyarka ko da ba kowa a bayanka. Ya ce ba kai tsaye suka faɗo cikin Turanci ba, ta Faransanci suka bi, domin tun da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066 harshensu ya zama na fada da na kotu, kalmominsa suka yi ta kwarara ɗaruruwan shekaru. Daga nan aka sami precedent, hukuncin da ya gabata wanda alƙali ke dubawa kafin ya yanke nasa, da precedence, wato wa ke gaban wa a zaman taro. Nan ya kalli hakimi, hakimi ya gyaɗa kai kamar da shi aka yi yaƙin.

Ni dai gumi ya gangaro min ta ƙarƙashin hula ya shiga ido, ban iya gogewa ba saboda hannuna ɗaya na riƙe da kwafin takardar. Na hango 'yar bautar ƙasa ta sunkuyar da kai tana latsa waya, kafaɗunta na rawa. Matata ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Sai ya juyo Hausa, wai don iyaye su amfana. Ya ce ai mu ma muna da ita: wanda ya rigaya shi ne marigayi. "Ni nan ba da daɗewa ba zan yi precede ɗinku, ku ce marigayi. In wannan yaron ne zai rubuta sanarwar, cewa zai yi na yi proceed, mutane su zaci Kaduna na tafi." Wani dattijo a gaba har hularsa ta faɗi.

Minti 20 cif. Taken ƙasar ma da ƙyar aka tuna aka rera shi, bayan addu'a, ka ga ke nan bai yi precede ɗin komai ba.

Da dare na ɗauko ƙamus ina neman inda Baba ya yi kuskure. Babu. Abin da na samo kawai shi ne rubutun Turawan ma ba shi da kai: proceed da exceed da succeed su kaɗai ke ƙarewa da "ceed", sauran irin su concede da recede duk "cede" ne, alhali tushen ɗaya. Supersede kuma ta ware da "sede", don ita daga "sedere" ta fito, wato zama, tushen president, mai zama a gaba. Na ɗan ji sanyi da na tuna Donald Trump ma a Disambar 2016 ya rubuta "unpresidented" a Twitter maimakon "unprecedented". Sai dai shi ya goge nasa ya sake. Ni kwafi 300 ne a hannun jama'a.

Yanzu in na shiga aji na ce a buɗe littafi, sai wani daga baya ya ce, "Malam, mu yi proceed?" da fuskar salihai. Shekaranjiya na sayi ƙosai a bakin ƙofar makaranta, aka naɗe min a cikin takardar, mai ya jiƙe daidai kan layin. Hular kwanon kuma har yanzu bai kawo ba.