Harbaugh bai gudu ba, ya gama aikin da ya kawo shi

Na karanta labarin nan da kuka ce koci Jim Harbaugh ya bar jami'ar Michigan a 2024 ya koma Chargers ta NFL, babbar gasar ƙwararrun ƙwallon Amurka, har wasu na cewa wai guduwa ya yi, gaskiya abin ya min zafi. Mutumin nan fa ɗan gida ne, shi ne kwatabak ɗin Michigan a ƙwallon Amurka, wato mai jefa ƙwallo da jan ragamar 'yan gaba, ƙarƙashin koci Bo Schembechler, a 1986 ya zo na uku a kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, 1987 Chicago Bears suka ɗauke shi. Kuma tun yana buga NFL yake taya babansa Jack aikin koci a jami'ar Western Kentucky ba ko sisi, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka son abin a jininsa yake.

Da ya dawo Michigan a matsayin koci a 2015 ba irin zagin da bai sha ba, sau biyar a jere Ohio State, babbar abokiyar hamayyarsu, na doke shi, wallahi ni kaina na fara cire rai. Amma ya daure ya gyara tsaron baya, 2021 ya rama, sannan Janairun 2024 suka cinye jami'ar Washington 34-13 suka ɗau kofin ƙasa na jami'o'i, wasa 15 ba a ci su ko ɗaya ba. Maganar zargin da aka yi wa Michigan na satar alamun da kociyoyin abokan karawa ke yi wa 'yan wasansu kam tabo ce, ban musa ba. Amma Super Bowl ɗin, wato wasan ƙarshe na NFL, da ƙungiyar da yayansa John ke koci ta doke tasa 34-31 a 2013, har yanzu yana ransa, ku bar shi ya je ya nemo.