Tseren Iyaye

Duk shekara idan hunturu ya kankama, makarantar firamaren da 'yata take zuwa a Tudun Wada takan yi gasar wasanni tsakanin gidaje. Aikina a irin wannan rana sananne ne: in biya kuɗin riga, in samu kujera a ƙarƙashin rumfa, in yi tafi idan na ga ana tafi. Bana ma haka na tsara. Na saka farar shadda mai sitaci, na kafa hula zanna, na zura takalmi sau-ciki, domin daga nan akwai ɗaurin aure a Ƙofar Doka.

Ana dab da tashi mai lasifika ya ce saura tseren iyaye maza, mita 100, kuma wanda ya zo na ɗaya yana da bokitin roba da fulas ɗin shayi. Ko motsi ban yi ba. Sai ga 'yata ta baro layinsu, ta tsaya a gabana, ta ɗaga murya yadda duk rumfar za ta ji: "Abba, ba kai ka ce da kana sakandare Barewa ake ce maka ba?"

Na faɗa, kuma an kira ni hakan, sai dai masu ba da shaida duk sun watse, wasu suna Kaduna wasu Abuja. Uwargida ta dube ni ta wutsiyar ido ta ce, "Maigida, rufa wa kanka asiri." Da ta yi shiru, wallahi da ban tashi ba.

Muka jeru a kan layin toka. A damana wani Alhaji ne mai tumbi, wanda tun kafin a busa usur yake haki. A haguna wani dogon tela ne siriri daga Sabon Gari, irin mutanen nan da ba sa magana. Can gefe kuma wani bawan Allah ya zo da kayan motsa jiki da kambas tun daga gida, yana ta 'yan tsalle-tsalle yana miƙe ƙafafu. Na ce a raina, ji wannan, a kan bokiti.

Usur na ƙara na cilla. Hannu ɗaya ya dafe hula, ɗayan ya dafe aljihu saboda waya da makullai. Ina jin iska a kunnena, ina jin yara suna ihu, kuma ko yau aka kai ni gaban alƙali zan rantse cewa a farkon tseren ni ne a gaba. Na ɗan wuce rabin fili ke nan sai na ji an maka mini dutse a bayan cinyar dama. Na waiga in ga ɗan wanene, ƙafar ta ƙi sauka yadda na aike ta, sai ga ni a ƙasa, ni da shadda da ƙurar hunturu. Hular da na yi ta tsaro ta gangara ta ƙarasa wajen mita goma ita kaɗai. Alhaji mai tumbi ya zo ya wuce ni a hankali, har da ce mini sannu.

A Keke Napep aka kai ni gida, ina zaune a kan ɗuwawu ɗaya. Kafin la'asar maƙwabta sun cika zaure, kowa da maganinsa. Wannan ya ce a gasa da ruwan zafi, wancan ya ce a murza da man zafi har sai na yi ƙara, wani ya ce akwai mai ɗori a cikin gari wanda hannunsa ke da albarka. Allah ya taimake ni ɗan yayata ya shigo. Yaron yana karatun ilimin sassan jikin ɗan Adam a Jami'ar Ahmadu Bello, a Samaru, kuma tun da ya shiga aji uku ba a iya cin naman kaza a gabansa cikin kwanciyar hankali. Ya kwantar da ni rub da ciki, ya latsa wurin, ya ce in lanƙwasa gwiwa yana riƙe da dunduniyata. Abin da na faɗa a lokacin ba na rubutawa ba ne.

"Kawu, ƙashinka lafiya lau," in ji shi. "Tsoka ce ta yage. Kada a gasa, kada a murza. A kwanakin farko zafi da murza jini suke ƙara tarawa a wurin. A nemo ƙanƙara."

Aka aika gidan mai kunun aya aka sayo ƙanƙara, aka naɗe a tsumma aka ɗora mini. Ina nan kwance na ce masa a nemo mini yaron da ya jefe ni. Ya ce babu wanda ya jefe ni, kusan duk wanda wannan tsoka ta yage masa haka yake ji, har ya waiga neman mai laifi. Na ce shi yana Samaru lokacin, ina ya sani? Sai uwargida, Allah ya saka mata, ta miƙo wayarta. Ashe ta ɗauki abin tun daga busa usur har gangarawar hula.

Yaron nan ya rage wa bidiyon gudu, ya ajiye wayar a gaban hancina, ya buɗe mini aji.

Ya fara da tashi. Ya ce mai tsere na gaske yakan fita ne a sunkuye, jikinsa ya karkata gaba, yana tura ƙasa baya da dogayen turi, sannan ya riƙa miƙewa kaɗan-kaɗan. Ba ya kai ƙarshen gudunsa sai ya wuce rabin fili. Usain Bolt na Jamaika, ranar da ya yi mita 100 cikin sakan 9.58 a Berlin a 2009, tsakanin mita 60 da 80 ne ya kai ƙololuwa, sama da kilomita 44 a awa. "Kai kuwa Kawu, dubi nan. Taku na biyu ka riga ka miƙe ƙyam, ƙirji a gaba."

Na ce to, amma ya dubi ƙafafuna, ai sun fi na telan sauri. Abin mamaki ya yarda. Ya ce nan ne mutane suke ruɗewa, suna zaton gudu shi ne saurin wulwula ƙafa. Masu bincike sun auna, sun tarar lokacin da ƙafa ke ɗauka a iska kafin ta dawo gaba kusan ɗaya ne tsakanin gwanaye da matsakaitan masu gudu. Bambancin yana ƙasa. Gwani idan ya kai ƙarshen gudunsa, tafin ƙafarsa ba ya cika kashi ɗaya cikin goma na sakan a ƙasa, amma a ɗan wannan lokaci yakan danna ƙasa da ƙarfin da ya ninka nauyin jikinsa sau da yawa, ƙasa kuma ta mayar masa, ta cilla shi gaba. Shi ya sa Bolt ya cinye mita 100 da taku 41, kowane taku ya doshi mita biyu da rabi. Ya nuna mini telan: ga shi kamar ba ya sauri, amma duk saukar ƙafa sai ya tashi sama ya ci ƙasa. Sannan ya soma ƙirga nawa takun da babbar murya. Na ce ya bari, akwai yara a wurin.

Daga nan ya shiga lissafa mini ma'aikatan. Tsokar ɗuwawu, wadda ta fi kowace tsoka girma a jikin mutum, ita ke miƙe ƙugu ta ja cinya baya. Akwai wata a ɓoye, ta taso daga ƙashin kwankwaso ta sauka a kan ƙashin cinya, ita ke ɗaga gwiwa sama. Tsokoki huɗu na gaban cinya suna riƙe gwiwa kada ta lanƙwashe idan nauyi ya sauka. Sha-raɓa kuma ta haɗu da agara, agarar ta miƙe lokacin da aka taka, ta adana ƙarfi, ta sake shi lokacin tashi, amma fa sai an sauka a kan gaban tafin ƙafa, idon sawu a ƙage. Ni da dunduniya nake sauka, can gaba da jikina, cikin sau-ciki mai santsi, don haka kowane taku ina tare kaina ne da kaina. Hannuwa ma ashe ba ado ba ne. Idan ƙafar dama ta yi gaba, hannun hagu ne ke binta don kada gangar jiki ta murɗe. Nawa hannuwan suna can suna gadin hula da makullai, shi ya sa a bidiyon nake tafiya ina karkacewa.

Na ce duk na ji, amma wanne ne ya ci amanata a cikinsu?

Ya gyara zama, don a nan daɗin karatun nasa yake. Ya ce tsokoki uku ne a bayan cinya. Sun taso daga ƙashin da mutum ke zama a kai, suka bi bayan cinya, suka tsallake gwiwa suka kama ƙasusuwan ƙwauri. Wato gaɓa biyu suke yi wa aiki lokaci guda, ƙugu da gwiwa. Idan mai gudu ya ɗaga gwiwa gaba, ƙwaurinsa yakan wulla gaba da ƙarfi, kuma dole wani ya tsayar da shi kafin ƙafa ta sauka. Wannan aikin na tsokokin bayan cinya ne. Su ne birki, kuma irin birkin da ake takawa mota tana gangara da kaya: ana jan su suna tsawo, su kuma suna ƙoƙarin tsukewa. A daidai nan suka fi yagewa, musamman ta gefen waje, tun ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba. Ya ja bidiyon da yatsa ya tsayar. Ga ni a iska, ƙafar dama a miƙe gaba, bakina a buɗe, idanuna sun firfito. Babu dutse, babu yaro.

Ni dai har yanzu ina ganin wayar ba ta ɗauko gefen hagu sosai ba.

Bai ƙyale ni ba. Ya ce a cikin tsoka akwai zaruruwa masu saurin tsukewa da masu juriya, kuma masu saurin su ne shekaru suka fi ci idan ba a amfani da su. Ya tambaye ni yaushe rabona da gudu da iyakar ƙarfina. Uwargida ta amsa a madadina, ta ce tun ranar da gas ya yi ƙara a kicin, kuma ko a ranar ita ta riga ni fita. Ya ce ga sanyin safiya, ga zaman kujerar roba tun ƙarfe takwas, tsoka a sandare, na tashi ban ɗumama ta ba na nemi ta yi aikin ɗan shekara goma sha bakwai. Na tambayi wa ya zo na biyu. Mai tsalle-tsallen nan ne.

Da dare, ina kwance ina latsa waya, na ci karo da abin da ya wanke mini zuciya. A gasar duniya ta Landan a 2017, a tseren ba-ni-in-ba-ka na mita 100 sau huɗu, wanda shi ne tserensa na ƙarshe, Bolt ya karɓi sanda ya fita, sai tsokar bayan cinyarsa ta yage, ya yi ɗingishi ya zube a fili bai kai layi ba. Na ƙwala wa uwargida kira na nuna mata. Na ce ta gani, ciwon manya ne, ni da mutumin da ya fi kowa gudu a tarihi cutarmu ɗaya. Ta kalla har ƙarshe ta ce, "Shi wannan kafin ya faɗi zinare nawa ya tara a Olamfik?" Na ce takwas. Ta ce, "To." Har ta kai ƙofa ta juyo ta ce dama tana ta mamakin yadda yarinyar nan ta zo ta ƙarshe a tseren buhu, yanzu ta daina zargin danginta.

Bidiyon kuwa kafin gari ya waye ya shiga zauren WhatsApp na dangi. Wani ƙanena da ke Legas ya sa masa kiɗa. Bayan 'yan kwanaki bayan gwiwata ya yi baƙi-baƙi, na tsorata, yaron ya ce jinin da ya taru ne ya gangaro, kuma warkewa sai an yi makonni, ana motsa ƙafar sannu a hankali. Telan ma ya zo duba ni, mutumin kirki. Ya zauna shiru, ya tsiyaya mini shayi daga sabon fulas, ya ɗauki wandon shaddar ya juya shi ya ce gwiwar za ta ɗinku amma za a gani.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne salla. Ashe ruku'u ba ya yiwuwa sai tsokokin nan sun miƙe, ban taɓa sanin suna cikin masu yin salla tare da ni ba sai da suka yi yaji. Dole na koma sahun masu kujera a masallacin unguwarmu, can gefen bango, tsakanin dattawan da mafi ƙanƙantarsu ya girme ni da shekara talatin. Suka karɓe ni hannu biyu. Bayan an sallame, wani tsoho mai ciwon gwiwa ya dafa ni.

"Yaro, haɗari ka yi a mashin?"

Na ce a'a Baba, gudu na yi.

"Subhanallahi. Kare ne?"

Na ce ba kare ba ne.

"Ɓarayin waya?"

Na ce a'a, babu abin da ya biyo ni.

Ya yi shiru yana jan carbi. Ya juya ya gaya wa na kusa da shi, wanda ba ya ji sosai, don haka sai da ya maimaita da ƙarfi har liman ya waigo: da girmansa, da iyalinsa, babu abin da ya biyo shi, ya kama gudu. Sannan ya dawo gare ni, ya dubi kaina, bai ko kalli ƙafar ba, ya ce in turo yaro gobe da safe ya karɓar mini rubutu.