Dubu biyu da "ka sa kati"

Tun jiya abin nan yake cina. An yi ta yawo da hoton abin a zauren WhatsApp na 'yan garinmu, wanda bai gani ba ga yadda aka yi. Abin da wani Alhajin garinmu ya yi wa wani yaro mai zane wulaƙanci ne, ba shi da wani suna. Alhaji, kai ka kira shi da bakinka, ka ce ya zana maka tsohon masallacin ƙasa da aka rushe. Yaro ya yi ta bin dattawa zaure zaure yana tambayar ta ina ƙofar mata take, indararo nawa ne a gabas. Ya kawo aiki, ka juya shi gaba da baya kamar mai taya akuya, ka zaro dubu biyu ka ce, "Ungo yaro, ka sa kati, ai zane ne kawai."

Zane ne kawai. To madalla.

Duk wanda ya shiga sabon falon Alhajin nan ya san abin da ke manne a bangon gabas: takardar bango 'yar ƙasar Sin, da wani dutse mai ƙanƙara da ruwa yana zubowa. Ƙanƙara fa, a garin da in Afrilu ta kama ko kaza neman inuwar rumbu take. Daga Kano aka ɗauko masu mannawa, aka biya kuɗin motarsu, aka ba su abinci, ba a ji Alhaji ya ce a rage ko sisi ba. Dutsen da bai san a wace ƙasa yake ba ya biya shi cif, masallacin da mahaifinsa ya yi salla a ciki kuwa kuɗin kati. Kada wanda ya ce mini babu ce. Raini ne. Abin da hannun ɗan gida ya yi ba ya cika mana ido, shi ke nan.

Na riƙe zanen nan a hannuna. Yaron ya fitar da tsagar da ke gangarowa daga zankon hagu, wadda duk damina sai an yi gayya an yaɓe ta. Ya sa bakin azara yana leƙowa ta ƙarƙashin rufi, ga inuwar darbejiya ta kwanta a kan dakalin alwala, ga butoci a jere, ɗaya ba marfi. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ɗora yatsa a kan dakalin ya ce, "A nan Liman yake zama bayan La'asar." Masallacin nan babu shi yanzu, an yi na bulo a wurin. Jikokinmu in za su san kamanninsa, a kwalin yaron nan za su gani. Shi aka yi wa kuɗi dubu biyu.

Na ga masu cewa ai hoto haramun ne. Malam, bango da bishiya da buta aka zana, babu mai rai ko ɗaya, ka nemi wata hujjar. Kuma mu ji tsoron Allah, falon naka da kalandar ɗan takara tun ta zaɓen 2023, fuskarsa ta cika rabin bango, ba ka taɓa tuna fatawa ba sai da aka zo biyan yaro haƙƙinsa.

Wai kuma rataye zane a ɗaki al'adar Bature ce. Wannan ita ta fi ba ni dariya. Wanda ya faɗi haka bai taɓa shiga ɗakin kakarsa ba. Jere me ake nufi da shi? Tasoshi da kwanonin samira tun daga ƙasa har kusa da rufi, kowanne an goge shi yana ɗaukar ido, ba a cin tuwo a ciki, don kallo aka ajiye. Faya-fayi masu launi a bango, ƙorai masu zane an kife su ƙarama kan babba. Mace ta wuni tana gyara jerenta, maƙwabta su shigo su yaba. Allon zayyana da ake yi wa yaro ranar sauka, da tawada ja da kore da ruwan ɗorawa, a ina ake ajiye shi in ba inda baƙo zai gani ba? Magina suna fitar da dagi a fuskar soro tun kafin a san fenti a gwangwani, kuma ana biyan su, har sarki gare su. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina tun wajen shekarun 1830 har gobe masana gini suna zuwa kallonsa. Nan Birnin Kudu ma, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, ga zanen shanu a jikin dutse tun zamanin da ba a san ƙasar Bature ba. Ado a bango namu ne gaba da baya. Raina mai yin sa ne sabon abu.

Sai 'yan zamani masu cewa waya ma tana zana maka kyauta. To ka ce wa wayar ta zana maka masallacin garinmu mu gani. Za ta ba ka wani na Dubai.

Mu ne kullum cikin kukan an bar Arewa a baya. Zanen Tutu na Ben Enwonwu, mai zane ɗan Najeriya, fam miliyan 1.2 aka saye shi a Landan a 2018. Ladi Kwali tukwane take ginawa, ga hotonta nan a bayan naira 20. Tun kafin samun 'yancin kai ake koyar da zane a Zariya, a can ɗalibai irin su Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suka fita suka yi suna a duniya. A ƙasarmu aka horar da su. Mu kuwa yaronmu in ya iya zane, iyakarsa ya rubuta "Ana sayar da ƙanƙara" a bangon shago, ko ya yi wa mai Keke Napep fure a baya, a ba shi na shayi. In ya gaji ya tafi Legas wani ya gane shi, sai mu cika Facebook da "ɗan garinmu ne, tare muka taso."

Ni ba na cewa kowa ya sayi zane, wanda ke neman na awo ba da shi nake ba. Da masu silin na zamani da tayil har banɗaki nake. Ka tambayi mai zane kuɗin aikinsa, ka biya, ka sa a yi masa firem da gilashi, ka rataye a bangon da ba ya shan feshin damina, nesa da hayaƙin murhu. In ba ka so, ka ce ba ka so. Amma ka karɓi aikin makonni ka ba da kuɗin kati, wannan cin gumin yaro ne, ko da "Allah ya yi albarka" nawa ka haɗa.

Af, na tuna. Wai yanzu a firamare an daina aikin hannu? Ɗan ƙanena ya zo yana neman naira 200, wai malami ya ce kowa ya kawo kuɗi a madadin tsintsiya, a ba shi maki. Mu a zamaninmu kaba muke jiƙawa mu saƙa mafici, in ya karkace ka sha bulala ka sake. Iyayen yara, haka ake yi a makarantunku ko tamu ce kawai?