Na je ƙasar waje, na dawo kafin isha'i

Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai nisan Katsina zuwa Kano ba, amma da zan tafi sai da na sa babbar riga, na fesa turare, na bi majalisarmu ɗaya bayan ɗaya ina neman gafara, wai zan fita ƙasar waje. Ni kaɗai, ba rakiya. Har kalmomin Faransanci na haddace a waya.

A tasha aka cusa mu cikin wata tsohuwar Golf, huɗu a baya, biyu a gaba. Kafin mu kai Jibiya babbar rigar ta zama tsumma. Can na canji sefa, na ji aljihu ya yi shafal, don takardu 'yan kaɗan aka miƙo mini a madadin damin nairar da na ba da.

Da muka tsallaka Magama muka isa Ɗan Isa, wani jami'i mai kaki ya leƙo ta taga. Na gyara murya na ce, "Bonjur, mushe." Ya dube ni daga hula har takalmi ya ce, "Wa alaikumus salam, Alhaji. Ina katinka?" Na zazzage masa duk abin da ke aljihuna: katin zaɓe, katin banki, har katin asibitin yarona. Ya zaɓi na ɗan ƙasa, ya tambayi abin da zai kai ni Maraɗi. Na ce yawon buɗe ido.

"Kai Bakatsine ne?"

"Ƙwarai."

"To gidan kakanninka za ka buɗe wa ido?"

Motar ta kwashe da dariya. Kuma gaskiyarsa, don Katsinawan da suka bar Birnin Katsina bayan jihadi ne suka kafa sarautar Maraɗi, har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkinsu. Faransancina a nan ya ƙare.

A garin na tare ɗan kabu-kabu ya kai ni babbar kasuwa. Ya ce ɗari. Na ce a raina lallai ƙasar nan akwai albarka. Da muka isa na ɗora masa ƙwandalar sefa 100 a tafin hannu, har da cewa Allah ya sa albarka. Ya kalli kuɗin, ya kalle ni, ya kashe babur. Ashe su da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa 5, ɗarinsa kuwa sefa 500 ke nan. Na ce to bari in tura masa ta waya, na ciro ta, babu sabis ko ɗigo. Mutane suka fara taruwa. Wani tsoho ya ce, "Ku yi masa a hankali, ɗan Najeriya ne," da irin muryar da ake cewa mutum bai da lafiya. Na biya.

Azahar ta yi, rana ta take, rabin masu shaguna suka ja ƙofa suka tafi hutawa. Na samu wani mai atamfa a buɗe, na ce ya ba ni wadda babu irinta a Najeriya, tsarabar uwargida ce. Ya zaro turmi, muka yi ciniki, wannan karon ina ninka komai sau biyar a yatsu. Sai da ya ƙirga kuɗinsa ya sa a aljihu sannan ya ce, "Ka iya zaɓe, maigida. Sabon shigowa ne, jiya aka sauke mana shi daga Kantin Kwari."

Da sauran canjin na sayi kilishi, wanda shi kam ba a yi ƙarya ba, da dogon burodin nan nasu da ba ya shiga jaka. A motar dawowa ƙamshi ya dame ni, na ɗan buɗe takardar, na ce "bismillah" don kunya kawai. Hannu shida suka shigo, har da na direba, yana tuƙi da ɗaya. Wata hajiya da ta zauna a kan rabin burodina tun daga tasha ta lashe yatsa ta ce, "Ɗan nan, in za ka sake zuwa ka ce su ƙara yaji."