Duk mun san Hajiyar, a daina wani salati

Tun jiya nake bin abin da kuke rubutawa ƙarƙashin hoton yaran nan da anka tare cikin mota wata Hajiya na shirin fita da su, wallahi har na gaji. Kowa innalillahi, kowa Allah ya isa, kamar daga sama matar ta faɗo. Sai ga wani bawan Allah wai a yi mata uzuri, taimakon marasa ƙarfi take yi. To sannu da taimako Hajiya, Allah ya ƙara buɗi, saura a kai miki lambar yabo har gida.

Jama'a mun san ta. Ko ba ita ba mun san irinta, kusan kowace unguwa a Gusau akwai guda. Da sai ta shiga ƙauye neman yara, yanzu ko ɓarayin daji sun hutar da ita, mutanen Zurmi da Maradun da Shinkafi ga su nan kwance cikin kangaye, uwa da 'ya'ya biyar ba miji ba gona. Sai ta je da turmin atamfa da ɗan abin sa wa a tukunya, ta ce kawo ɗiyar in kai ta Abuja, shara ce kawai da wanke-wanke, har islamiyya za a sa ta. Ƙarshen wata kuɗin aiki hannun wa yake shiga? Hannun Hajiya. Yarinyar da ba ta wuce shekara 10 ba ita ce farkon tashi ita ce ƙarshen kwanciya, ba waya, ko sunan unguwar da take ciki ba ta sani ba balle ta gudu in an dake ta. Uwa ta tambaya a ce tana nan lafiya lau har ta yi ƙiba. Shekara ta zagayo, ko muryarta ba a ji ba.

A 2017 da CNN ta nuna ana gwanjon mutane a Libiya kan dala 400 duk mun yi ta kumfar baki muna zagin Larabawa. Madalla. Amma wancan mai gwanjon hannu na ƙarshe ne, na farko kuwa ya ci tuwo a gidanmu, da ɗan gari kan ci gari. Wa ya san gidan da anka yi rashi, wa ya san wadda aurenta ya mutu tana neman mafita? Wa ya sa ta a motar Agadez? A 2013 gawa 92 anka tsinta a hamadar Nijar kan hanyar Aljeriya, galibi mata da ƙananan yara, ƙishirwa ta kashe su bayan mota ta lalace. Nijar ta yi dokar hana safarar baƙin haure a 2015, sojoji sunka soke ta a 2023, ke nan hanya ta sake buɗewa. Ga kuma na Saudiyya, a yi miki fasfo da biza a ce bashi ne, kina sauka a karɓe fasfon, ki yi ta aiki bashin bai ƙarewa. Shi ma ejan ɗin namu ne, sahun gaba yake sallah.

Kada wanda ya zo mini da zancen talauci, nan nake zaune, na san yadda ake kwana da yunwa. Uwar da ta bada ɗiya ban da bakin zaginta, wuya ce ta kai ta. Da mai cin riba nake. Masu cewa ai riƙo al'adarmu ce su ma su dakata, goggon da ta riƙe ki ita ke miki kayan ɗaki ranar aure, ba ta karɓar kuɗin guminki duk wata. Gwamnati kuma a zage ta ban hana ba, amma NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, na nan tun 2003, an sabunta dokar a 2015, kuma cikinta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida laifi ne mai ɗauri. To wa zai bada shaida? Ana kama mutum kafin la'asar dattawan unguwa sun ɗaura rawani sun tafi beli, wai a rufa asiri mace ce mai iyali. Ita yarinyar ba ta da asiri ke nan.

Kuma ku matan manya masu bugo waya kuna cewa "a samo min ƙarama wadda idonta bai buɗe ba", me ya sa sai wadda idonta bai buɗe ba? Kun san amsa. Naku na makaranta da direba.

Sarkin Benin na jihar Edo a 2018 ya tara matsafa ya warware rantsuwar da ake ɗaure 'yan matan Edo da ita kafin a kai su Italiya. Mu nan huɗubar Juma'a guda kan haƙƙin 'yan aiki nake roƙo, don Allah malamai. Mai unguwa kuma ya san gidan da yara ke kwana biyu su ɓace, ya sani sarai.

Af, ku masu ɗora hoton yaran nan fuska a buɗe don neman like, ku sauke. Kuma wanda ke turo min saƙon aikin Dubai kyauta a inbox har da alamar jirgi, malam in aikin na da daɗi ka fara tura ƙanenka, na ga shi ma kullum yana majalisa yana roƙon a kunna masa hotspot.